Lu'ulu'u, ƙarau ko ƙanƙara: me za mu kira ƙwayar gishiri a aji?

Malamar SS1:
Assalamu alaikum, malamai. Mako mai zuwa zan shiga darasin kiristal da 'yan ajina, kuma kun san halin da ake ciki: in ka yi bayani da Turanci zalla sai yara su yi ta gyaɗa kai, ranar jarrabawa a tarar ba abin da ya zauna. Shi ya sa na saba maimaitawa da Hausa. Jiya na duba wata fassara a intanet, na ga an sa "lu'ulu'u". Na gwada a gida, na ce wa 'yata gishirin miya lu'ulu'u ne, ta tuntsire da dariya ta ce to mu kwashe mu kai kasuwa. Ku me kuke cewa? Kuma ba sunan kaɗai ba, ma'anar ma nake so a daidaita min. Littafin da ke hannuna ya ce kiristal shi ne daskararren abu mai shafaffun fuskoki da kusurwoyi, ni kuwa raina bai kwanta da wannan ba.

Mai Fassara:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni lu'ulu'un nake sawa kuma ban ga laifinsa ba. Kalma ce da kowa ya sani, da ka faɗe ta mutum ya hango abu mai sheƙi, mai kusurwoyi, wanda haske ke ratsawa. Na sha ganin an ƙirƙiro sabuwar kalma a taro, an tafa, an rubuta a takarda, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Malamin Larabci:
Allah ya ƙara basira, amma bari in ɗan ja birki. Lu'ulu'u aro ne daga Larabci, kuma a can ba ya nufin dutse mai kusurwa ko kaɗan. Shi ne ɗan dunƙulen nan mai santsi da ake samu a cikin ƙwanson wata halitta ta teku. Duba Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da murjani a matsayin abin da ke fitowa daga tekuna biyu. Mu ne a Hausa muka ɗora wa kalmar kaya na biyu, muka kira daimon da ita. Yanzu in an ɗora mata na uku, wato gishiri da sikari da alif, jakin zai durƙushe. Su Larabawa a littattafan kimiyyarsu "ballura" suke cewa.

Mai Fassara:
To mu ari ballura ke nan? Wa ya san ta a Kurmi?

Malamin Larabci:
Ban ce a ara ba. Na dai ce lu'ulu'u ya riga ya ɗauki kaya.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
Malamai, a gafarce ni in sa baki, ni ɗalibi ne. Abin dariyar shi ne lu'ulu'un teku da Malam ya ambata ba kiristal guda ba ne. Ƙananan fale-falen kalsiyam kabonet ne, na nau'in da ake kira aragonait, jere kan jere, wani sinadari mai kama da danƙo na halittar ya liƙe su. Wato miliyoyin ƙananan kiristal ne aka dunƙule. Daimon kuwa kiristal ne na gaske. Ashe kalmar tana nufin abu biyu da ba su haɗa hanya ba tun kafin mu shigo da gishiri.

Hajiya Mai Kemis:
Me ya hana a ce ƙarau? Tun muna yara abin da ke sheƙi kamar gilashi ƙarau muke ce masa.

Tsohon Malami:
Hajiya, wannan ita ce wadda ba zan yarda da ita ba ko da kowa ya yarda. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da kemistiri kafin in ajiye alli, kuma ba kuskuren da ya fi wahalar cirewa daga kan yaro kamar ɗaukar gilashi a matsayin kiristal. Gilashi shi ne kishiyar kiristal. Yashi ake narkarwa tare da soda da farar ƙasa, a sanyaya shi da sauri yadda ƙwayoyin zarrarsa ba su samu sukunin jeruwa ba, sai su sandare a hargitse kamar jama'ar kasuwa da aka ce kowa ya tsaya inda yake. Kiristal kuwa sahu ne, irin na sallar Idi, kowa da gurbinsa, sahu bayan sahu har iya ganinka. Su kansu Turawa sun jefa kansu cikin wannan rami, suna kiran kofunan gilashi masu tsada da sunan kiristal alhali ba ɗigon tsari a cikinsu. Kama da wane ba ta wane. Don me za mu bi su mu faɗa?

Ga hujjar da yaro zai gani da idonsa. Ɗora wuƙa a kan babbar ƙwayar gishiri ka ɗan buga, za ta tsage shar, fuska a miƙe, kusurwa digiri 90, duk gutsuren da ya fita ɗan ƙaramin akwati ne. Fasa kwalba kuwa ka ga yadda bakin yake lanƙwashe kamar cikin cokali. Na biyu, kiristal yana narkewa a ma'aunin zafi guda, gishiri a digiri 801. Gilashi ba shi da irin wannan lamba, laushi yake yi sannu a hankali, shi ya sa masu aikinsa ke iya busa shi su ja shi.

Hajiya Mai Kemis:
Na janye, Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
Baba, ƙaramin gyara da girmamawa. Tsagewa a miƙe ba dukkan kiristal ke yin ta ba. Kwaz, farin dutsen nan mai kama da gilashi, kiristal ne cikakke amma in ya fashe irin fashewar kwalba yake yi. Don haka tsagewa hujja ce in ta samu, rashinta ba ya kore komai.

Tsohon Malami:
Gaskiyarka, ɗana. Na karɓa. Kuma ka tuna min da abin da na so in faɗa tun farko. Ita kalmar kiristal ɗin daga Girkanci ta fito, kuma ma'anarta ƙanƙara. Mutanen da can sun ɗauka cewa kwaz mai garai-garai ruwa ne da ya daskare a kan manyan duwatsu har ya kai ba zai ƙara narkewa ba. To ku duba namu harshen. Me muke kiran abin da ke faɗowa daga sama da damina ya fasa ganyen dawa? Ƙanƙara. Me kakanninmu suke kiran dutsen ƙyastu da bindigar toka? Ƙanƙara. Bahaushe da Bagirke ba su yi shawara ba amma suka haɗa ruwan da ya daskare da dutse mai tauri a suna ɗaya. In ana neman kalma ta gida, wannan ta fi lu'ulu'u asali nesa ba kusa ba.

Mai Fassara:
Wannan ta burge ni, Baba. Amma ka ce wa yaron Kano ƙanƙara yau, firji zai tuna da mai kunun aya. "Ƙanƙarar gishiri" sai ya ɗauka gishiri aka sa a firiza.

Malamar SS1:
Haka ne wallahi. Zan dai ba su labarin, don irin wannan ne ke zama a kai. Amma ku dawo min kan ma'ana. Shafaffun fuskoki da kusurwoyi, daidai ne ko ba daidai ba?

Tsohon Malami:
Daidai ne a shekarar 1700. Ma'anar tana da tarihi, kuma sau uku tana sauya riga. Da farko daga waje ake kallo. A 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya auna ƙwayoyin kwaz iri-iri, dogaye da gajeru, masu kauri da sirara, ya tarar duk yadda siffa ta bambanta, kusurwar da ke tsakanin fuskoki iri ɗaya ba ta canjawa. A jikin kwaz, tsakanin fuskokin gefe guda shida, digiri 120 ne, ko daga ina aka haƙo shi. Wannan ya sa aka fara zargin akwai wani abu a ciki da ke tilasta haka. A 1784 wani limamin coci Bafaranshe, René Just Haüy, ya kawo ra'ayin cewa kiristal gini ne na ƙananan tubala iri ɗaya da aka jera, bayan ya ga kalsait, wani nau'in dutsen kalsiyam kabonet, yana tsagewa zuwa siffa guda komai ƙanƙantar gutsuren. Amma ba wanda ya ga cikin sai 1912, lokacin da Max von Laue da abokan aikinsa biyu a Munich ta Jamus suka haska eksire, hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta cikin ƙwayar kofa salfet, sai ɗigo-ɗigo suka fito a kan faifan hoto. Daga nan ma'ana ta koma ciki: kiristal shi ne daskararren abu da ƙwayoyinsa suke jere cikin tsari mai maimaita kansa ta tsawo da faɗi da zurfi. Fuskokin waje sakamako ne kawai. In kiristal ya girma a matse ba zai yi fuska ko ɗaya ba, kuma kiristal ne. Ƙarfen ƙofarki kiristal ne, Malama. Zoben zinariya ma haka. Garin alli ma haka.

Malamar SS1:
Ka ce sau uku, Baba. Na ƙirga biyu.

Tsohon Malami:
Ta ukun na bar wa matasa, ni a jarida na karanta ta bayan na kusa ritaya.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
To bari in ɗauka. Lissafi ya nuna in tsari zai riƙa maimaita kansa ba giɓi, juyin da zai dawo da shi kamanninsa sai dai ya zama na ninki 2, 3, 4 ko 6. Na 5 ba ya yiwuwa. Mai shimfiɗa tayil ya san wannan ko bai je makaranta ba: mai kusurwa uku, huɗu ko shida yana rufe daɓe tsaf, mai kusurwa biyar daidai-wa-daida dole ya bar kafa. Sai ga ranar 8 ga Afrilun 1982, Dan Shechtman, masani daga Isra'ila da ke aikin bincike a Amurka, ya duba wani haɗin alminiyam da manganis a na'ura ya ga ɗigo goma-goma a kewaye. Ɗigon a fili suke, alamar akwai tsari, amma irin tsarin da littafi ya ce haramun ne. Sai 1984 aka buga sakamakon. Linus Pauling, mai lambar Nobel har biyu, ya yi ta musa abin har ya mutu a 1994. Amma wasu ɗakunan bincike suka yi ta samun irinsa. A 1992 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sauya ma'anar baki ɗaya: kiristal shi ne duk daskararren abin da in an haska shi zai ba da hoton ɗigo-ɗigo rarrabe. Aka cire sharaɗin maimaitawa, aka bar tsari. Shechtman ya karɓi Nobel ta kemistiri a 2011. Ana kiran waɗannan kwasikiristal, wato mai kama da kiristal, ko da yake a sabuwar ma'anar kiristal ne su ma.

Mai Fassara:
Ka ga abin da nake faɗa. Su masu abin ma shekara ɗari uku suna sauya ma'ana amma ba su sauya kalmar ba. Har yau "ƙanƙara" suke cewa da Girkanci. Kalma ba dole ta ɗauki ma'anar kimiyya a cikinta ba, malami ne ke zuba mata. To me ya hana mu zuba wa lu'ulu'u?

Tsohon Malami:
Saboda yaron Ingila bai san Girkanci ba, kalmar fanko ce a wurinsa ko kusa da haka. Yaron Katsina kuwa ya san lu'ulu'u, ya san tsada ne da ƙyalli da sarƙar amarya. Kafin ka zuba sabo sai ka zubar da tsoho, aiki biyu ke nan. Ƙwarya da ta sha manja ba a dama fura a ciki.

Mushe daga Damagaram:
Salamu alaikum, 'yan uwa na Najeriya. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Mu nan a lakwal da Faransanci ake koyarwa, kalmar kuma ɗaya ce da taku, kiristal. Wannan a ganina babban dalili ne na barin ta haka: ɗalibin Damagaram da na Daura za su fahimci juna, kuma dukansu in sun buɗe littafi za su gane ta. Mun ari mota, mun ari asibiti, mun ari lakwal, ba mu mutu ba. Inda nake ganin Hausa za ta yi aiki shi ne kalmomin ciki. Abin da ku kuke kira latis, kalmar Faransanci ma'anarta raga ce, kuma ɗan akwatin da ke maimaituwa ana kiransa da sunan idon raga. Da na ce wa yara "raga" da "idon raga" ba na ƙara wani dogon bayani.

Malamar SS1:
Kai, Mushe, wannan ta yi! Ni "tubali" nake cewa.

Mushe daga Damagaram:
Tubali ma yana aiki, Malama, amma yana da tarko. Tubali abu ne da za ki ɗauka ki ajiye gefe, da komai nasa a cikinsa. Shi kuwa idon raga ba shi da zaren kansa, kowane zare na tarayya ne da maƙwabci. Haka abin yake a gishiri, wanda haɗin sodiyam da kulorin ne. Ƙwayar da ke kan kusurwar akwati, akwati takwas ne ke raba ta, wadda ke kan fuska biyu, wadda ke kan gefe huɗu. Ina ba yara misali da kukar da ta tsiro a mahaɗar gonaki huɗu: kowane mai gona rubu'i ne nasa. In ki lissafa haka, kusurwa takwas sun ba da ɗaya, fuska shida sun ba da uku, kulorin huɗu ke nan. Gefe goma sha biyu sun ba da uku, ga ɗaya a tsakiya, sodiyam huɗu. Huɗu da huɗu, shi ya sa ake rubuta NaCl. Mai tunanin tubali zai ƙirga ƙwaya 27 da ya gani a zane ya rubuta.

Tsohon Malami:
Madalla. Ƙari ɗaya, don a nan ma littattafai ke kwaɓawa. Raga ba ƙwayoyin ba ne. Raga ɗigo ne na lissafi, wuraren da in ka tsaya a kowanne ka waiwaya za ka ga abu iri ɗaya. Abin da aka rataya a kowane ɗigo shi ne ainihin kayan, ko ƙwaya ɗaya ko gungu. Kamar hular Zanna ce: akwai tazarar da zanen ke dawowa, akwai zanen kansa. Auguste Bravais ya nuna a 1848 cewa irin waɗannan ragogi 14 ne kacal za su iya samuwa, kuma sun kasu gida bakwai. In an haɗa da duk hanyoyin juyi da madubi da zamewa, tsari 230 ne, wanda Fedorov a Rasha da Schoenflies a Jamus suka lissafo kowa daban a wajajen 1891, shekara ashirin kafin a iya leƙa cikin ko da ƙwaya ɗaya. Ba na SS1 ba ne wannan, Malama, don kanki ne.

Sannan ki ja musu kunne: babu wani abu wai shi molekul (ɗan gungun ƙwayoyin zarra mai zaman kansa) na gishiri a cikin ƙwayar gishiri. Lawrence Bragg ne ya warware wannan a 1913. Kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin sodiyam shida, ba wanda ke da abokin aure na kansa. Shi da mahaifinsa suka raba Nobel ta 1915 yana ɗan shekara 25. Faɗin akwatin nanomita 0.564 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙwayar gishiri mai rabin milimita, akwati kusan dubu 900 ne a jere a gefe ɗaya kawai.

Sabon Shiga:
Don Allah wa ke da tambayoyin WAEC na bara na kemistiri?

Shugaban Zaure:
Ƙanena, ka tura wannan da yamma bayan an gama. A ci gaba, malamai.

Malamar SS1:
To gidaje bakwai ɗin nan, ya zan yi da sunayensu? Kubik, tetaragonal, otorombik... harshe ma karyewa yake.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
Malama, ki bar sunayen yadda suke don jarrabawa, amma ki ba kowane gida mai gida daga kasuwa. Kubik ya fi kowa jama'a: gishiri, alif, daimon, zinariya, har da dutsen tozali. Yawancin tozalin da ake niƙawa galina ne, haɗin darma da farar wuta, kuma tsarinsa na ciki irin na gishiri ne sak, shi ya sa in kin fasa shi yake fita da 'yan matakala masu kusurwa a miƙe. Kuzar Jos tetaragonal ce. Farar wuta otorombik. Sikari da jibsam monokilinik. Ƙanƙarar ruwa hegzagonal, kwaz da kalsait tirigonal. Tirikilinik ne kawai sai kin shiga lab kin ɗauko shuɗin kofa salfet.

Mai Fassara:
Sikari ba kubik ba ne? Ga shi nan a kwali murabba'i.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
Inji ne ya matse shi haka, ranka ya daɗe, kamar dunƙulen magi. Murƙushe ɗaya ka duba da gilashin ƙara girma, za ka ga kowace ƙwaya a ɗan karkace take kamar akwatin da aka jingina. Dunƙulen taron kiristal ne, ba kiristal guda ba. Haka kantun gishirin Bilma da ayari ke kawowa, siffarsa ta mazubin da aka zuba shi ce. Wannan bambancin na "guda" da "taro" yana da muhimmanci: silikon da ke cikin wayarka dole guda ne, ƙarfen rodi kuwa taro.

Sannan akwai siffar waje, wadda ita ma suna ne daban. Gishiri in ya girma a ruwan da aka sa wa yuriya, maimakon akwati mai fuska shida sai ya fito da fuska takwas, alhali cikinsa bai canja ba ko kaɗan. Riga ce ya sauya.

Hajiya Mai Kemis:
Tunda an kayar da ƙarau ɗina bari in rama da abin da na sani. Akasin abin da ɗana ya faɗa shi ne ke ba mu ciwon kai a harkar magani: sinadari ɗaya, tsarin ciki daban. Ana ce masa folimofizim. Farasitamol ma yana da fiye da tsari ɗaya. Misalin da ake koya wa kowane ɗalibin haɗa magani shi ne ritonabir, maganin cutar ƙanjamau. Ya shiga kasuwa a 1996, sai a 1998 wani sabon tsari ya ɓullo a masana'anta, wanda ba ya narkewa sosai kamar na farko. Sinadarin bai canja ba, ko ƙwayar zarra ɗaya ba ta ƙaru ba, amma jiki ba ya iya shan sa yadda ake so. Dole aka janye kafson daga kasuwa har aka sake haɗi. Don haka in yaro ya tambaya mene ne amfanin sanin yadda ƙwayoyi suka jeru, ga amsa.

Malamar SS1:
To mene ne bambancinsa da alotirofi da ke cikin manhaja? Daimon da girafait.

Tsohon Malami:
Alotirofi na sinadari tilo ne, wanda ba haɗi ba, kamar kabon ko farar wuta ko iskar oksijin, kuma bai tsaya kan kiristal ba, oksijin da ozon iska ne dukansu. Folimofizim na kowane daskararre ne, haɗi ko tilo. Daimon da bakin fensir sun shiga duka biyun. Kalsait da aragonait na biyun kawai. Ni da Hausa nakan ce "jiki ɗaya, zubi daban".

Mushe daga Damagaram:
Akwai wata kalma da nake so mu gyara tunda kayan daga wajenmu suke zuwa muku. Kanwa. Ina ganin ana fassara ta da fotash, har a littattafai. Kanwar Manga da ta tafkin Chadi sodiyam ce mafi yawa, ba fotasiyam ba: sodiyam kabonet da bayikabonet, nau'in da ake kira tirona, gauraye da gishiri da ƙasa. Kuma tana da ruwa a ƙulle cikin tsarinta, molekul biyu a kowane kaso.

Malamar SS1:
Yawwa, ruwan kiristal! Nan ne yara ke tambayata: Malama, in akwai ruwa a ciki me ya sa bai jiƙe ba?

Tsohon Malami:
Ce musu ruwan yana cikin sahu ne, shi ma da gurbinsa, ba yawo yake ba. Ki ɗora shuɗin kofa salfet a wuta a gabansu. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, molekul biyar a kowane kaso. Ruwan na fita sai shuɗin ya tafi, ƙwayar ta ruguje ta zama farin gari. Ɗiga ruwa, shuɗi ya dawo har da ɗumi. Gani ya kori ji. POP ɗin silin ma labarin ke nan: jibsam ne aka gasa aka kore kashi uku cikin huɗu na ruwansa, in an kwaɓa sai ya maido ruwan ya sake saƙa ƙananan allurai da ke sarƙe juna.

Sauran kalmomi biyun da WAEC ke so, yanayinmu ya riga ya koyar da su. Da hunturu, sodar wanki mai ruwa goma in an bar ta a buɗe sai ta saki tara ta yi fari fat kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba. Wannan ifuloresans. Da damina kuwa gishirin gargajiya sai ya tsotsi laimar iska har ya yi ruwa a kwano. Wannan dilikwesans. Tataccen gishiri sai laima ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari yake fara haka, na gargajiya kuwa tun kafin nan, saboda maganiziyam kulorayid da ke gauraye da shi.

Mai Fassara:
Na ga an taru a kaina. To na sassauta: a aji a ce kiristal. Amma ni a rubutun jarida, in labari ya zo a kan allon waya mai "ruwan kiristal", me zan rubuta? Ga shi an riga an ba wa ruwan cikin kofa salfet wannan sunan.

Hajiya Mai Kemis:
Lallai ka kamo mu.

Ɗan Tsangayar Jiyoloji:
Abu biyu ne kam. Na allon waya abu ne mai gudana kamar ruwa amma molekul ɗinsa dogaye suna fuskantar gefe ɗaya. Friedrich Reinitzer ya fara lura da shi a 1888, da ya ga wani sinadari ya narke ya zama ruwa mai gauri a wajen digiri 145, sannan ya washe a wajen 178, kamar mai narkewa sau biyu. Ni da zan ce "kiristal mai gudana" ga wannan, a bar "ruwan cikin kiristal" ga wancan.

Malamin Larabci:
Mai gudana kuma kiristal? Ba ku ce sharaɗin farko ya zama daskararre ba?

Tsohon Malami:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke ciwo. A tsantsar ma'ana ba kiristal ba ne, rabin tsari gare shi. Suna ne ya bi shi tun ƙarni na 19 ya ƙi saki. Mu ma muna cewa jirgin ƙasa, ga shi ba ruwa ba fiffike.

Mai Fassara:
Kuma a ce lu'ulu'una ne kaɗai ke da laifi.

Malamar SS1:
Haha, Malam, ka yi haƙuri. Ga abin da zan rubuta a allo, a duba min: "Kiristal daskararren abu ne da ƙwayoyinsa na ciki suke jere cikin tsari, sahu bayan sahu." Ban sa "mai maimaita kansa" ba saboda mutumin nan na 1982.

Mushe daga Damagaram:
Da Hausa ya yi. Amma a takardar jarrabawa su rubuta mai maimaitawar, mai maki ba ruwansa da Shechtman.

Tsohon Malami:
Mushe ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Ki faɗa musu duka biyun, ki gaya musu wacce ce ta jarrabawa. Kuma kada ki shiga ajin hannu rabbana. Yau ki narka alif a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ki tace, ki zuba a kofi ki rufe da takarda. Gobe za ki ga ƙananan ƙwayoyi a ƙasa. Zaɓi mafi kyau ki ɗaure da zare ki rataya a cikin ruwan da kika tace, ki ajiye inda ba a motsa shi. Kafin ranar darasi za ki samu mai fuska takwas, kowace fuska kusurwa uku, kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu.

Hajiya Mai Kemis:
Sai dai ki lura da wanda za ki saya. Alif ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta sau da yawa alminiyam salfet ne, ba zai ba ki wannan siffar ba, dusa-dusa zai yi. Ki nemi mai garai-garai irin wanda masu aski ke gogawa a haɓa, shi ne mai fotasiyam.

Malamar SS1:
Allah ya saka da alheri, da na yi asarar mako. Ruwan rijiya zai yi, ko sai na sayi na batir?

Hajiya Mai Kemis:
Na batir ya fi. In babu, ki tafasa na leda ki tace.